Wai smart money sun shiga, in zuba kuɗin Hajiya in maido da asarata?

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Kayan waya nake sayarwa, caja da irfis da gilas da kwandon waya, na daɗe ina tara kuɗin lefe har sun kai naira miliyan 1 da dubu 800. Wani abokina ne ya saka ni a wani gurup na Telegram da ake ba da siginal, wato a gaya maka abin da za ka saya ko ka sayar, na kirifto (kuɗin intanet) da foreks (cinikin canjin kuɗi), wani lokacin har da wasan ƙwallo. Admin ɗin kullum maganarsa kenan, smart money sun shiga kaza, smart money suna kan kaza, ku bi su kar a bar ku a baya. Na bi, da farko na ɗan ci, daga baya dubu 700 suka tafi. Yanzu yace akwai wani koyin, wato wani kuɗin kirifto, da smart money ke tarawa a ɓoye, wai zai ninka sau 10 cikin wata biyu. Akwai miliyan 2 na mahaifiyata a akawun ɗina, kuɗin filin da ta sayar ne take son zuwa Umara da su, bata san komai ba. Ina tunanin in haɗa da ragowar nawa in zuba in dawo da asarata, saura wata 4 biki. Wai su waye smart money ɗin nan, kuma da gaske basa faɗuwa? Wallahi ko barci bana iyawa.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin mu je ko'ina, kuɗin Hajiya dai kar ka taɓa su, ko naira ɗaya, in son samu ne ma yau ɗin nan su bar akawun ɗin da kake harkar nan da shi. Na fara da wannan ne saboda na san halin mutumin da asara ta hana barci, ƙarfe biyun dare yake yanke shawara, waya a hannu, kowa ya yi barci babu wanda zai ce masa tsaya.

Toh su waye smart money? Magana ce ta Turawa, 'yan kasuwar kuɗi da 'yan cacar tseren dawakai na Ingila da Amurka su suka fi amfani da ita. Kuɗi mai wayo kenan in ka juya ta kai tsaye, amma masu kuɗin ake nufi, wato mutanen da suka san abin da sauran jama'a basu sani ba. A filin tseren dawakai akwai wanda zai zuba kuɗinsa kawai don sunan dokin ya yi masa daɗi ko don ya ji ana ta zuzuta shi, akwai kuma wanda ya san mai horar da dokin, ya san dokin da ya kwana yana ɗingishi, ya san wanda baya iya gudu in an yi ruwa ƙasa ta jiƙe. Kuɗin irin wannan na biyun shi ne smart money. Su kansu masu gidan cacar ido suke zuba wa mutanen nan, da sun ga sun antaya kuɗi mai nauyi a kan doki ɗaya nan take sai su rage abin da za su biya a kansa, kafin ɗan kallo ya farga ya ce bari ni ma in bi, garaɓasar ta riga ta wuce. Ka riƙe wannan da kyau don duk matsalarka a nan take.

A kasuwar hannun jari kuma manyan masu juya kuɗi ake ce wa haka, bankunan zuba jari, kamfanonin fansho da na inshora, asusun attajirai da ƙwararru ke juyawa, da shugabannin kamfani waɗanda littafin cinikin kamfanin ke gabansu kullum. Suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai bincike, suna da kwamfutocin da ke saye da sayarwa kafin ka ƙifta ido. Kuma maganar tana da kishiya, dumb money, kuɗin marasa wayo, ba kowa ake nufi da shi ba sai ƙananan masu saye da wayar hannu, waɗanda ke shigowa bayan abu ya gama tashi su fice da gudu bayan ya faɗi. Ba zagi nake ba, haka suke kiranmu.

Akwai kuma yadda ake faɗarta a hira da jaridu, ɗan jarida zai rubuta cewa smart money na kan wane a zaɓe, ko kan ƙungiya kaza a gasa, a nan babu ma wani kuɗi a ƙasa, cewa kawai yake masu ido a harkar suna ganin wane ne zai ci. Hasashe ne aka sa masa babbar riga. Masu kafa sababbin kamfanoni su kuma in suka ce smart money suna nufin mai zuba jarin da bayan kuɗinsa zai zo maka da sanin harkar da kuma mutanen da zai haɗa ka da su. Sai wata tsohuwar ma'ana da yawancin Turawan ma sun manta da ita, kalmar smart ɗin tana nufin zugi ko raɗaɗin ciwo, ɗaruruwan shekaru da suka wuce a Ingila kuɗin da ake bai wa soja ko ma'aikacin jirgin ruwan yaƙi da ya ji rauni a bakin aiki shi ake kira smart money, a kotunan Amurka ma an yi ta amfani da ita ga ƙarin diyyar da ake ɗora wa mai laifi don ya ji a jikinsa. Dubu 700 ɗinka sun fi kusa da wannan ma'anar, sai dai kai babu mai biyanka diyya.

Kenan smart money suna nan, ba ƙage ba ne. Abin da admin ɗinku bai gaya muku ba shi ne basa shela. A Amurka doka ce ta tilasta wa duk mai juya hannun jarin da ya kai dala miliyan 100 ya bayyana abin da yake riƙe da shi duk bayan wata uku, a wata takarda da ake kira 13F, kuma ana ba shi har kwana 45 bayan ƙarewar wata ukun kafin ya miƙa. Wato lokacin da kai za ka ga wane ya sayi kaza, labarin ya kwana ya tashi, ƙila ma ya riga ya sayar. Warren Buffett, wanda in dai ana maganar masu wayon zuba jari sai an ambaci sunansa, da kamfaninsa Berkshire Hathaway ya fara sayen hannun jarin kamfanin inshora na Chubb a 2023, takanas ya nemi izinin hukumar da ke kula da kasuwar a ɓoye sunan abin da yake saye, ba a sani ba sai a watan Mayun 2024, lokacin ya riga ya tara na kusan dala biliyan 6.7. Me ya sa ya ɓoye? Saboda da an ji Buffett na saye kowa zai ruga, farashi ya tashi, shi kuma ragowar da yake son saye ya yi masa tsada. Mai saye shiru yake so.

Ka je Dawanau lokacin kaka ka gani, babban ɗan kasuwar da ya hango masara za ta yi tsada ba zai hau kan buhu yana sanar da mutane ba, dillalansa zai baza ƙauyuka su yi ta kwasa a hankali, in ka tambaye shi ma cewa zai yi kasuwa babu daɗi. Ranar da ka ji shi da bakinsa yana cewa jama'a ku sayi masara za ta tashi, to sito ya cika, masu saye yake nema. Yanzu ka tambayi kanka, koyin ɗin da aka ce ana tarawa a ɓoye, wane irin ɓoyo ne wannan da ake sanar da shi a gurup mai dubban mutane?

Bari in nuna maka yadda ake yin ta. Ana zaɓar ƙaramin koyin wanda kuɗin da ke juyawa a cikinsa ba su da yawa, ta yadda kuɗi kaɗan ma za su iya ɗaga shi. Admin da mutanensa su fara saye a arha, babu wanda ya sani. Sai a gaya wa 'yan gurup ɗin da ke biyan kuɗin wata, su saya, farashi ya ɗan motsa. Sai a zo babban gurup na kyauta da hoton zanen farashi ya yi kore ya miƙe sama, a ce kun gani ko, smart money sun shiga, saura ku. Ku kuma ku rugo da dubu 50, dubu 200, miliyan 1, kuna saye farashi na ƙara hawa kuna ta turo alamar wuta da roka a gurup, to duk wanda ya saya a wannan lokacin daga hannun wa yake saye? Dole akwai mai sayarwa ai. Su ne. Da sun gama juye kayansu a kanku farashin sai ya rikito cikin 'yan mintuna, in ka yi magana a ce ka yi haƙuri ka riƙe zai dawo, in ka matsa a cire ka daga gurup. Kuma kar hoton waled, wato asusun ajiye kirifto, da ake nuna muku ya ruɗe ka, wai ga manyan kifaye suna tarawa, mutum ɗaya zai iya buɗe waled 30 ya yi ta tura wa kansa da kansa, a kirifto babu sunan kowa a jiki. Hoton riba kuwa da akawun ɗin gwaji ma ana ɗaukarsa, wanda kuɗin cikinsa na wasa ne.

Cin da ka ɗan yi da farko, wanda na san shi ne yake ta yi maka raɗa a kunne yanzu, bai tabbatar da komai ba. Wanda ke turo siginal goma a rana dole wasu su dace, waɗanda suka dace a yi ta maimaita su, waɗanda suka faɗi a goge ko a yi shiru. Sannan da yawa daga masu irin gurup ɗin nan ba da kasuwar suke ci ba, da ku suke ci, kuɗin rajista, kuɗin aji, da la'adar da ake ba su duk lokacin da wani ya buɗe akawun ta hanyar linkin ɗinsu ya fara zuba kuɗi. Ko ka ci ko ka faɗi shi nasa ya shiga.

Na san a ɓangaren foreks za su ce maka akwai wani ilimi da ake kira SMC, wato Smart Money Concepts, wai ana bin sawun bankuna a jikin zanen farashi, a zana akwati a ce nan banki ya shiga, nan zai dawo. Kasuwar canjin kuɗi ba ta da wata cibiya guda da ake rubuta duk cinikin da aka yi, tsakanin bankuna da dillalai ake yin ta, mai waya a hannu baya ganin odar kowane banki, abin da yake gani farashi ne kawai, sauran fassararsa ce. Bayan abu ya faru kowa gwani ne wajen zana akwati. A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na akawun ɗin ƙananan masu irin wannan cinikin asara suke yi, shi ya sa aka tilasta wa dillalan can su riƙa rubuta gargaɗin a tallarsu.

In kuma ka ce to ƙila shi admin ɗin yana da sirrin cikin gida na gaske, to a kasuwar hannun jari ciniki da irin wannan sirrin laifi ne da ake ɗaure mutum a kai. Raj Rajaratnam, attajiri ne mai juya biliyoyin daloli a New York, a 2011 aka yanke masa shekara 11 a gidan yari saboda haka. Wanda yake da sirrin da zai ninka kuɗi sau 10 me zai yi da kuɗin rajistarka?

Sai tambayarka ta biyu, wai basa faɗuwa. Suna faɗuwa mana, mummunar faɗuwa ma. A 1994 aka kafa wani asusu a Amurka mai suna Long-Term Capital Management, cikin masu shi akwai Myron Scholes da Robert Merton waɗanda suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1997, kaga kuwa ai wayo ya ƙare. Shekara ɗaya bayan kyautar, a 1998, Rasha ta kasa biyan bashinta, lissafinsu ya watse, suka yi asarar kusan dala biliyan 4.6 cikin 'yan watanni, sai da babban bankin Amurka reshen New York ya tara manyan bankuna suka haɗa dala biliyan 3.6 aka tallafe shi don kar ya ja wasu su rufta tare. Na kusa-kusa kuma wanda ya shafi harkarku, FTX, kasuwar kirifto da ta durƙushe a Nuwamban 2022. Waɗanda suka zuba jari a ciki ba 'yan gurup ɗin Telegram ba ne, akwai Sequoia da ke cikin manyan masu zuba jari a kamfanonin fasaha, sama da dala miliyan 200 suka yi asara, akwai Temasek na gwamnatin Singafo, dala miliyan 275, akwai asusun fanshon malaman makaranta na Ontario a Kanada, dala miliyan 95. Duk da lauyoyinsu da masu bincikensu. Mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, shekara 25 aka yanke masa a 2024. Kuma mutane da yawa sun ajiye kuɗinsu a FTX ne don sun ga waɗannan manyan a ciki, suka ce ai tunda su wane sun shiga babu matsala, daidai irin lissafin da kake yi yanzu.

Amma ga inda wayonsu yake, kuma shi ne abin da ba a koyarwa a gurup. Da Temasek suka fitar da sanarwar asarar, sun ce kuɗin da suka saka a FTX kashi 0.09 ne cikin 100 na dukiyar da suke juyawa. Ko kashi ɗaya bai kai ba. Sun ji kunya, an yi musu surutu, washegari suka ci gaba da harkokinsu. Tun kafin su shiga sun ƙaddara abin zai iya mutuwa, sai suka saka abin da in ya mutu ba zai tafi da su ba. Kai kuwa so kake ka saka duk abin da ka mallaka, ka ƙara da wanda ba naka ba, a abu ɗaya, da wa'adin wata huɗu a wuyanka. Mu yi lissafin a fili. Saura miliyan 1 da dubu 100 a hannunka, kafin su koma yadda suke sai ka samu ribar kusan kashi 64 cikin 100, abin da ko manyan da muke magana da wuya su samu a shekara guda balle wata huɗu. In ka haɗa da na Hajiya sun zama miliyan 3 da dubu 100, koyin ɗin ya faɗi da rabi kawai, wanda a irin waɗannan ƙananan koyin ɗin abu ne na yini ɗaya, saura miliyan 1 da dubu 550. Babu lefe, kuma ko ka tattara komai ka miƙa mata kuɗinta bai cika ba. Wannan fa in rabi ne ya tafi kenan.

Batun ƙwallo kuwa ba sai na ja ba, caca ce, ka san hukuncinta, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya waje ɗaya, sa mata sunan Turanci baya canza ta. Ko ta fuskar lissafi ma, wasan da ɓangare biyu suke kunnen doki gidan caca zai ba ka naira 1.90 a kan kowace naira 1 da ka zuba in ka ci, a kowane ɓangare, a maimakon 2.00, wannan ɗan gibin shi ne cinsu, ko wa ya yi nasara sun ɗauki kusan kashi 5 cikin 100, kai kuma kana ta zubawa yana ta gutsurar ka. 'Yan tsirarun da suka ƙware har suke cin gidan caca a kai a kai, rage musu adadin da za su iya zubawa ake yi ko a rufe akawun ɗinsu. Kuma masu idon ma suna shan ƙasa, Leicester City da ta ɗauki gasar Firimiya a 2016 gidajen cacar Ingila 5000 suka sa a kan 1 cewa ba za ta ɗauka ba, a watan Yunin shekarar kuma manyan kuɗin caca suna kan cewa Birtaniya za ta ci gaba da zama a Tarayyar Turai, aka wayi gari masu son ficewa sun yi rinjaye da kusan kashi 52. Wannan ɓangaren na cacar ƙwallo ka bar shi gaba ɗaya ka yi istigfari. Kirifto da foreks malamai sun yi saɓani a kansu, ka samu malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa ainihin yadda kake yi, kar ka rage masa komai.

Mu dawo kan Hajiya. Amana ce ta ba ka, ba jari ba, kuma da ta san akawun ɗin da kuɗin filinta ke kwance shi ne ake cire kuɗi ana tura wa gurup da ba ta bar su sun kwana ba. In tana da akawun ka mayar mata gobe da safe, in bata da shi ka ɗauke ta ku je banki a buɗe mata nata da lambar wayarta, alat ya riƙa zuwa mata. Ko kuma tunda na Umara ne a fara biyan abin da za a biya tun yanzu ta hannun kamfanin da ke da rajista, an rage maka nauyi. Kar ka ce ai zan iya riƙe kaina, mutumin da ya riga ya lissafa yadda zai yi da kuɗin har ya rubuto yana tambaya ya wuce wannan matakin. In ta tambaye ka dalili, ni da zan ba ka shawara ka faɗa mata gaskiya, Hajiya na saka kuɗina a wata harka na yi asarar dubu 700, naki suna nan cif ban taɓa ba, amma na fi so su koma hannunki. Za ta yi faɗa, ƙila ta yi kwana biyu tana jan tsaki in ta gan ka, amma faɗan uwa a kan kuɗinka daban yake da kukan uwa a kan kuɗinta. Kuma addu'arta kake buƙata yanzu fiye da kowane siginal.

Shi kuma lefe, wanda shi ne ya sa ka a wannan matsin, miliyan 1 da dubu 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne, aure ake yi da abin da bai kai haka ba. Ka samu yayarka ko gwaggonka, wacce dama ita za ta haɗa kayan, ka gaya mata ga abin da ke hannu, mata sun san yadda ake rage akwati a cika shi da abin da ya kamata ba tare da an ji kunya ba, sun san inda ake samun atamfa da leshi da sauƙi. Yarinyar ma ka sanar da ita tun yanzu da bakinka, kar ta ji a wajen wasu ana saura sati biyu. In abin ya ƙi, kawunka ko wanda ya karɓa maka auren ya je ya nemi a ɗan ɗaga ko a yi da abin da ya samu, manya sun saba da irin wannan, ba kai ne farau ba. Abin da dangin amarya ba za su manta ba shi ne a ce angon ya cinye kuɗin Umarar uwarsa a intanet, wannan labarin har 'ya'yanka sai sun ji shi.

Wata huɗun nan ka mayar da hankalinka shago. Abin dariyar ma, a layinku na 'yan kayan waya kai ne mai sanin da wasu basu da shi, ka san cajar da ake dawowa da ita bayan sati ɗaya, ka san irfis ɗin da 'yan makaranta ke nema, ka san wanda zai ba ka kaya a farashin sari da wanda zai cuce ka. In ni na zo da kuɗina yau na buɗe shago kusa da naka ni ne zan sha wahala. Ribar ba za ta maido da dubu 700 kafin biki ba, kar in yi maka ƙarya, ka ƙaddara waɗannan sun tafi ka daina bin su, bin su ɗin ne yake cinye ragowar. In an yi biki hankali ya kwanta kana son ajiye wani abu a gefe, akwai hanyoyin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar zuba jari ta Najeriya, kana iya duba sunan kamfani a shafinsu kafin ka ba shi ko sisi, akwai sukuk, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017 wanda babu kuɗin ruwa a ciki, akwai hannun jarin kamfanonin da kake ganin kayansu a kasuwa. Babu wanda zai ninka sau 10 a wata biyu a cikinsu. Masu irin wancan alƙawarin mun gan su, MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi tata a Afrilun 2025.

Ka fita daga gurup ɗin yau, ka goge manhajojin daga wayarka, in akwai ragowar kuɗi a ciki ka fara cirewa tukuna. Kuma ka shirya, da ka fita za a iya biyo ka ta inbok, wani zai ce shi ƙwararre ne wajen dawo da kuɗin da aka yi asara, ka biya kaza a fara aiki, ko admin ɗin da kansa ya ce zai sa ka a gurup na musamman kyauta don ka farfaɗo. Kar ka amsa, ka toshe su. Abokin naka kuwa kar ka yi faɗa da shi, wataƙila shi ma abin da ya same ka ya same shi yana jin kunyar faɗa. In ya matsa maka ka dawo, ka ce ya buɗe manhajar bankinsa ku zauna tare ku lissafa nawa ya tura tun da ya fara, nawa kuma ya dawo masa banki.